'Yata tana aji huɗu, an ce ta tsallaka sakandare: in yarda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. 'Yata shekararta tara, tana aji huɗu a wata makarantar kuɗi a nan Kano, kuma zango uku ke nan tana zuwa ta ɗaya. Mai makarantar ya kira babanta ya ce zamanta a aji biyar da shida ɓata lokaci ne da ɓarnar kuɗi, a bari ta rubuta jarrabawar kwaman bana ta shiga JSS 1 a sashensu na sakandare. Maigidan ya amince, har yana cewa gara ta gama da wuri kafin maganar aure ta taso. Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya, don na ji an ce JAMB ta daina ɗaukar ƙananan yara. Da na yi magana sai aka ce ai ba komai, kotu ake zuwa a gyara shekaru. Don Allah a ba ni shawara.
Wata uwa daga Kano

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya ta, ya yi mata albarka. Kada ki yarda, kuma ki lallaɓa maigidan shi ma ya janye.

Mu fara da ƙidayar yatsu. In ta shiga JSS 1 tana da tara, za ta gama SS 3 tana da sha biyar. Abin da kika ji gaskiya ne: a 2024 ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sai mai shekara 18 zai shiga jami'a, aka yi ta cece-ku-ce, wanda ya gaje shi, Dakta Tunji Alausa, ya mayar da shi 16. Wannan kwan-gaba-kwan-baya na ma'aikatar ilimi yana ba ni haushi ni ma, domin shi ya sa iyaye suke ɗaukar kowace doka wasa. Amma ko a kan 16 ɗin, 'yarki ba ta kai ba. An bar ƙofa ga masu baiwa ta musamman, sai dai sharaɗin farko shi ne maki 320 cikin 400 a jarrabawar JAMB, kafin ma a zo sauran tantancewa. A 2025 yara sama da 40,000 da ba su kai shekarun ba suka zauna jarrabawar, waɗanda suka kai makin a sakamakon farko ba su cika 500 ba. Sauran duk gida suka koma jira. Sauri ya haifi nawa ke nan.

To amma ba dokar ce ta fi damuna ba. Abin da na gaji da ji, kusan kullum, a ofis da gidan biki har da bakin masallaci, shi ne wai aji biyar da shida maimaici ne, yaro mai ƙwaƙwalwa ba ya buƙatarsu. Wallahi ban san wanda ya ƙirƙiro wannan magana ba, amma na san masu cin ribarta. A waɗannan azuzuwa biyu ne lissafi yake zurfafa cikin rabon ɓangarori: rabi, sulusi, rubu'i, lambobi masu ɗigo, kaso cikin ɗari, doguwar rabawa. A nan ne kuma yaro yake daina karatu don furta kalma, ya fara karatu don gane magana. Malamin JSS 1 ba zai koma baya ba, yana ɗauka an zo da su. Ranar da ya rubuta x a allo, wanda bai san sulusi ba ya ɓata, kuma ba zai ɗaga hannu ya ce ya ɓata ba. Hadda zai koma. Haddar za ta kai shi JSS 3, wataƙila har SS 1, sannan a fara cewa yarinyar nan da tana da ƙoƙari, ko baki ne ya kama ta? Daga nan sai rubutun sha da malamin lesin, ƙarshe a nemi santar da ake ba da amsa lokacin WAEC.

Na taɓa shiga wani ajin JSS 1 lokacin ina duba makarantu. Na rubuta 1/3 da 1/4 a allo, na ce wanne ya fi yawa? Fiye da rabin ajin suka ce na biyu, ai huɗu ta fi uku. Wata 'yar mitsitsiya a layin gaba, wadda ƙafarta ko ƙasa ba ta taɓawa daga benci, ita ta fi kowa ɗaga murya. Na ce mata, in aka ba ki ƙosai ɗaya, ku uku za ku raba ko ku huɗu, wanne kika fi so? Nan take ta ce mu uku. Kin ga kai akwai. Darasin ne aka tsallake da ita. Da na tambaya, daga aji huɗu aka kawo ta, kuma ita ce take zuwa ta ɗaya a can.

Shi kansa zuwa ta ɗayan, a tambaya: cikin yara nawa? Wa ya fitar da tambayoyin, wa ya maka? Malamin da ya yi musu bita da su ana gobe jarrabawa? Kuma mai makarantar da yake tausaya muku kuɗin shekara biyu, ai kin ji inda ya ce a kai ta. Sashensa na sakandare, inda kuɗin zango ya fi tsada. Wasu makarantun ma ko ajin shida ba su da shi, sun mayar da ɗakin JSS. Dokar ilimin bai-ɗaya, wato UBE, ta 2004 shekara tara ta ce, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, kuma ba ta ware 'ya'yan makarantun kuɗi ba. Masu sa ido ne suke zuwa su sha lemo a ofishin mai makaranta su sa hannu su tafi.

Abin mamaki, babu uban da zai yarda malamin allo ya wanke wa ɗansa allo bai iya biyawa ba, balle a ce an ɗauke shi daga izu biyar an kai shi izu ashirin don yana da kai. A boko ne kawai muke murna da haka, har a yi walima.

Batun kotu kuwa, Hajiya, rantsuwa ce fa ake yi, a kan ƙarya, kuma yarinya tana kallo. Da rage shekaru muka sani don neman aiki, yanzu an koma ƙarawa. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, saboda haka ranar haihuwar da ke jikin NIN da ta takardar haihuwa da ta WAEC dole su zo ɗaya. In suka saɓa, zirga-zirgar gyara za ta ci muku kuɗi da watanni, wani lokaci har da gurbin karatun. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Maganar aure da maigidan ya kawo ba ta banza ba ce, kada ki yi masa gardama a kanta. Ki nuna masa lissafin kawai: in ta bi a hankali, sha bakwai za ta gama sakandare, ta wuce kai tsaye. In an tsallake da ita, sha biyar za ta gama, ta zauna a gida shekara guda ba abin yi, kuma a irin wannan zaman ne masu sallama suke fara zuwa ƙofar gida.

Ku gwada ta da kanku yau da daddare. Ki buɗe mata shafin da ba ta taɓa gani ba a littafin Turanci na aji biyar, ta karanta, ki rufe, ta faɗa miki da Hausa abin da aka ce. Sannan ki ce kwanon shinkafa uku da rabi, kowane kwano naira kaza, nawa ke nan, nawa ne canji? In ta ci duka, madalla, ki nemo mata littattafan labarai na Hausa da na Turanci ta yi ta karantawa, a ƙara mata lissafi mai wuya, amma tana ajinta. In kuma mai makarantar ya ce su ba su da aji shida, ki karɓi katin sakamakonta da takardar canjin makaranta kafin a koma hutu, ki kai ta inda suke da shi.