Gadar Loda Mota a Tirela: Tsawo Nawa, Wane Ƙarfe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tirelar ɗaukar mota guda, mai tayoyi huɗu. Daga ƙasa zuwa shimfiɗarta santimita 50 ne, gadojin hawan da suka zo da ita kuma kowacce santimita 150. Duk motar da ke kusa da ƙasa sai bambarta ta gogi gadar, wata ma cikinta ke makalewa a bakin tirelar. Motocin da nake ɗauka ba sa wuce kilo 2,000. In sayi na alminiyam ne ko in sa mai walda ya ƙera mini na ƙarfe? Wane tsawo ya kamata?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin a je ga maganar ƙarfe ko alminiyam, sai an gama da tsawo, domin nan matsalarka take. Gada mai santimita 150 a kan tsayin 50 tana ba da gangara ta kusan digiri 20. Babbar mota mai dogayen ƙafafu ba za ta damu ba, amma ƙaramar motar gida ba ta son abin da ya wuce digiri 10 zuwa 12.

Ba tirela ce ke yanke tsawon gada ba, motar da ta fi kusa da ƙasa cikin waɗanda kake ɗauka ita ke yankewa. Ka ajiye ta a wuri mai lebur, ka tura bakin falankin katako ƙarƙashin tayar gaba, ka ɗaga ɗaya bakin har ya taɓa leɓen bamba. Gangarar da falankin ya yi ita ce iyakar abin da motar za ta hau ba ta goga ba. In kana son lissafi, auna tsayin leɓen bambar daga ƙasa, da nisansa daga inda taya ta taka. Misali tsayi santimita 15, nisa 80: motar ba ta jure fiye da digiri 10 da ɗan ɗoriya.

Daga nan lissafin mai sauƙi ne. Don samun digiri 15, tsawon gada ya zama tsayin tirela sau huɗu, wato 200 a wajenka. Digiri 12 yana son 240. Digiri 10 kuwa kusan sau shida ne, 290.

Makalewar ciki wani abu ne daban, kuma mutane sun fi mantawa da shi. Lokacin da tayoyin gaba suka hau shimfiɗa, na baya suna kan gada, kusurwar da gada ta haɗu da tirela tana tasowa tsakiyar cikin motar kamar ƙusumbi. Ga motar da tazarar tayoyinta na gaba da na baya santimita 270 ce, wannan ƙusumbin yana kai santimita 23 a gadarka ta yanzu, 18 a digiri 15, 14 a digiri 12, 12 a digiri 10. Motar da cikinta ke da 14 daga ƙasa, ka ga inda salansarta ke tafiya. Kuma ba ƙaramar mota kaɗai ba: doguwar mota ta fi gajeruwa saurin makalewa ko da tsayin cikinsu ɗaya.

Shawararmu ita ce 240. Ta 290 ta fi daɗin hawa, amma ɗaukarta da ajiye ta azaba ce, kuma tsawo yana cin ƙarfi. In ka ninka tsawon gada, ƙarfin da ke neman lanƙwasa ta a tsakiya ya ninka, lotsawarta kuma ta ƙaru sau takwas. Ranar da mota mai kusa da ƙasa sosai ta zo, akwai dabaru biyu da ba sa bukatar sabuwar gada. Ɗaya, ka ɗora ƙafar gadar a kan guntun katako mai kauri, ka shimfiɗa falanki a gabanta ya zama matakin farko. Biyu, ka hau da tayoyin bayan motar da ke jan tirela kan katako; kan tirela ya ɗaga, wutsiyarta ta sauka. In bakin ya sauko zuwa 40, gadar 240 ta koma ƙasa da digiri 10.

Sai nauyi. Kada ka raba kilo 2,000 gida huɗu ka ce kowace taya 500. Motar da injinta ke gaba tana ɗora kusan kashi 60 cikin ɗari a tayoyin gaba, wato 1,200, kowace gada ta ɗauki 600 a wuri guda. Da an taka birki a tsakiyar hawa ko an saki kuloci da ƙarfi, nauyin ya yi tsalle, don haka ka ƙara rabi, ka yi lissafi da 900. In sayen gada za ka yi, ka karanta tambarin da kyau: wasu adadin da suka rubuta na gada biyu ne a haɗe, wasu na kowacce, wasu kuma na tayoyin gaba ko na baya. Wadda ba a rubuta mata komai ba, bar ta a wurin.

Alminiyam nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe ne, amma taurinsa ma haka, shi ya sa ake ƙara masa kauri. A ƙarshe gadar takan zo kusan rabin nauyin ta ƙarfe. Ba ya tsatsa, kuma bayanka zai gode maka in kullum kake lodi. Sai dai saya ake yi, ba a ba mai waldar ƙarfe. Irin alminiyam ɗin da ake gada da shi yana rasa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ko fiye a gefen da wutar walda ta taɓa, kuma in ya tsage gyaransa sai gwani. In ƙerawa za a yi, ƙarfe.

Ga abin da za ka gaya wa mai walda. Kowace gada tana da dogayen ƙarafa biyu a gefe, na bututu mai kusurwa huɗu, milimita 80 da 40, kauri 4, ko ƙarfe mai siffar U mai tsayin 80. A tsayar da su a kan siririn gefen, 80 ɗin na kallon sama. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi: a kwantar da bututun don gada ta yi kyan gani, a zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa a banza. Tsakaninsu a bar santimita 30, faɗin gadar gaba ɗaya ya zama 38. Matakan a yi su da ƙarfen kwana mai milimita 50 da 50, kauri 5, a kife, ƙashin bayansa na sama don taya ta samu abin kamawa, ɗaya a kowane santimita 15, guda 16 ke nan. In aka buɗe tazarar don rage nauyi, ƙaramar taya za ta riƙa faɗawa tsakani, motar na tsalle, kowane tsalle kuma duka ne a kan walda. A nutsar da matakan kaɗan ƙasa da saman gefunan, don gefen ya zama ɗan shinge ga taya. A ɗaɗɗana walda a duka tukun, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa a ga sun yi daidai, sannan a yi cikakkiyar walda ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. In aka bi gefe ɗaya har ƙarshe zafi zai murɗe gadar. Ƙafar da ke taɓa ƙasa a yanke ta a karkace, a liƙa mata faranti don kada ta nutse a ƙasa mai taushi. Irin wannan gada tana kai kilo 50, don haka a sa mata mariƙi.

Ga mota mai kilo 1,500 wannan ya wadatar. Tunda kana kaiwa 2,000, a sa wa gadar ƙafa a tsakiya, ko mai naɗewa ko guntun katako da aka yanka daidai tsayin wurin. Ƙafar ta raba tazarar gida biyu, ta rage wa ƙarfen rabin wahalarsa.

Abin da ya fi jefa mota ƙasa ba karyewar gada ba ne, zamewarta ce. Tayar da ke jan mota tana tura gadar baya, nesa da tirela, kuma leɓen da aka ɗora kawai a baki yana iya sulluɓewa. A yi wa kan gadar ƙugiya da za ta faɗa bayan ƙarfen da aka walda a faɗin wutsiyar tirela, a ƙara fin da ke ratsa su biyun, ko a ɗaure gadar da jikin tirela da igiyar ɗaure kaya. Ƙarfen wutsiyar ya yi tsawo, don a iya matsar da gadoji daidai da faɗin kowace mota.

Kada a yi lodi tirela ba ta haɗe da motar ja. Ko tana haɗe, nauyin da ya hau wutsiya yana ɗaga kan tirela, ya ɗaga bayan motar ja, birkin hannu kuma tayoyin baya yake riƙewa. A ɗan gangare sai ka ga komai ya fara tafiya da kansa. A sa jak ko katako ƙarƙashin kusurwoyin baya na tirela, a bar ɗan sarari kamar yatsa biyu don a iya zare su bayan ta zauna da kaya, a sa waigi a tayoyin tirela da na gaban motar ja. A hau da giyar farko, a hankali, ba tsayawa, mutum ɗaya na nuna hanya daga gefe, ba daga kan tirela gaban motar ba. In ƙarfen ya jiƙe ko motar ba ta da lafiya, a ja ta da winci, wato na'urar jan kaya da igiya.

Kafin aikin farko, ka gwada da motarka mafi nauyi: a tsayar da tayoyin gaba a tsakiyar gada, a duba, a sauko. Ka miƙa zare daga kai zuwa ƙafa. In gadar ba ta koma miƙe ba, ƙarfen ya wuce iyakarsa, kada a sake hawanta sai an ƙarfafa ta. Bayan haka, kowane ɗan lokaci ka duba waldar ƙugiya da ta matakan tsakiya. Siririn layin tsatsa a gefen walda yawanci tsaga ce ta fara.