Kun Tambaya, Mun Amsa: Baƙin Ruwan Bola da Ɓurɓushin Roba

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidanmu yana kusa da wata babbar bola, kuma duk damina wani baƙin ruwa mai wari yana tsatsafowa daga ƙarƙashinta ya nufi inda rijiyarmu take. Na ji a rediyo ana cewa irin wannan ruwa yana ɗauke da ƙananan ɓurɓushin roba. Shin gaskiya ne, kuma ana iya tace shi? Daga wata uwargida a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Abin da kika ji gaskiya ne. Idan ruwan sama ya ratsa tulin shara, yakan wanko gishiri-gishiri, da amoniya (wani sinadari mai warin fitsari), da gubar ƙarfe irin ta dalma daga matattun batura, da ƙwayoyin cuta, sannan ya taho da ɓurɓushin roba. Masana suna sanya duk wani guntun roba da bai kai milimita 5 ba a wannan rukuni, kuma Farfesa Richard Thompson na Jami'ar Plymouth a Ingila shi ne ya fito da batun fili a shekarar 2004. Leda da ledar fiyawata da robar lemo ba sa ruɓewa kamar bawon doya; zafin rana da gugar kaya da nauyin sharar da aka jibga a kansu ne suke ta farfasa su har su koma abin da ido ba ya gani. Wani bincike na 2017 ya ƙiyasta cewa cikin tan biliyan 6.3 na sharar roba da duniya ta tara zuwa 2015, kashi 9 cikin ɗari kawai aka sake sarrafawa, aka ƙona kashi 12, yayin da kashi 79 suka ƙare a juji ko yashe a fili.

Game da tacewa, ana iya yi, amma da sharaɗin a fara kama ruwan kafin ya nutse. A jujin zamani ana daɓe ƙasan ramin da yumɓu, a shimfiɗa kakkaurar roba a kai, sannan a jera bututun da zai tattara ruwan zuwa matattara. Daga nan a zuba alam domin dauɗar ta dunƙule ta kwanta, a bar ƙananan halittu irin su bakteriya su cinye abin da yake ruɓewa, sannan a tura ruwan da ƙarfi ta cikin matata mai ƙananan ƙofofi, wadda take tare mafi yawan ɓurɓushin. Matsalarmu ita ce yawancin bololinmu tsofaffin kududdufai ne da ramukan da aka haƙi ƙasar gini, babu daɓe, babu bututu, saboda haka ruwan yana sauka kai tsaye zuwa inda rijiyoyi suke ɗiba. Ko manyan jujin ƙasar nan, irin su Olusosun a Legas da Gosa a Abuja, sun fi kama da filin jibge shara kawai.

Akwai abin da ya fi damuna, wanda ba a cika ambatonsa ba. Tacewa ba ta hallaka roba, tana dai mayar da ita cikin lakar da ta kwanta a matattara, kuma idan aka watsa lakar a gona an mayar da ɓarnar cikin ƙasa ke nan. Mu ma muna yin irin wannan da hannunmu, domin manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwasar takin bola zuwa gonakinsu. A da toka ce da kashin dabbobi da ragowar abinci, taki mai albarka; yanzu kuwa ya cakuɗe da leda, wadda za ta ci gaba da marmashewa a gona shekara da shekaru. Ya kamata a riƙa tankaɗe shi a tsince ledar kafin a kai shi gona.

A kan lafiya, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce hujjojin lokacin ba su nuna babban haɗari daga ɓurɓushin roba a ruwan sha ba, amma ya nemi ƙarin bincike, kuma a 2022 masu bincike a Holan suka gano shi a jinin mutane. Ke dai, Hajiya, abin da ya fi gaggawa a rijiyarki shi ne ƙwayoyin cuta da dalma. Ku dakatar da shan ruwanta, musamman ga yara da masu juna biyu, har sai an kai shi ɗakin gwaji. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire dalma. Ku ɗaga bakin rijiyar da siminti, ku yi mata murfi, ku haƙa kwata da za ta kauda baƙin ruwan daga gefenta, sannan ku haɗa kai da mai unguwa ku kai kuka a rubuce ga hukumar kwashe shara domin a kwashe bolar kafin damina ta kama.