Amsa: Gwaji ya nuna testosteron ɗina daidai, in fara allura?

Ɗan'uwa, ka ce kana da shekara 47, gajiya da raguwar sha'awa sun dame ka, amma gwajin jini ya nuna sinadarin testosteron ɗinka, wato sinadarin mazantaka, daidai yake. Shawarata, kada ka fara allurar testosteron.

Idan ka shigar da sinadarin daga waje, ƙwaƙwalwa takan ga kamar ya wadata, sai ta daina aika wa 'ya'yan maraina umarni. Su kuma sai su rage aiki, har su ɗan motse, ƙwayoyin haihuwa su ragu sosai, wani ma su ƙare ƙaf. In kana son ƙarin haihuwa, wannan babbar magana ce. Yana kuma sa jini ya yi kauri, kuma ranar da ka daina, jikin zai iya ɗaukar watanni kafin ya farfaɗo.

Wani babban bincike mai suna TRAVERSE da aka fitar a 2023 bai ga ƙaruwar kamuwa da ciwon bugun zuciya a masu amfani da testosteron ba, amma fa an yi shi ne a kan maza masu ƙarancin sinadarin, ƙasa da 300 ng/dL a ma'aunin gwajin jini, ba irinka ba. Ko a cikinsu an ga ƙarin rikicewar bugawar zuciya da gudajin jini a huhu.

Gajiyar taka ita ce abin bincike. Kana minshari har numfashi ya riƙa yankewa cikin barci? Tumbi ya fito? A duba sukari, hawan jini, sinadarin maƙoshi (thyroid) da damuwa, ka kuma nuna wa likita magungunan da kake sha.