Tambayi Bakanike: Tsohon 070 da 'Yan'uwansa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Mahaifina ya rasu ya bar mini injin yankan itace ƙirar Stihl 070, wanda ya daɗe yana tsaga katako da shi. Yana tashi, amma ga nauyi, ga hayaƙi, ga shan mai. Abokaina sun dame ni in sayar da shi in sayi sabo marar nauyi. Me ka gani? Daga mai karatu a Bali, Jihar Taraba.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa ya huta. Kada ka sayar. In kuwa ka nace, fara zuwa wajena in taya.

Abokan naka fenti suke kallo. Kamfanin da Andreas Stihl ya kafa a Jamus a 1926 ya fito da 070 a 1968, ya gaji wani inji da ake kira Contra na 1959. Girman injinsa cc 106 ne, wato ya ɗara na wasu baburan da kake gani a titi. Turawa sun daɗe da ajiye shi suka koma ƙanana masu gudu, amma a Najeriya da Gana da Kamaru shi ne uban tafiya a wajen masu tsaga gungume a cikin daji. Dalilin ba boyayye ba ne. Na zamani kan yi juyi fiye da 12,000 a minti ɗaya. Shi bai kai nan ba, har ma an sa masa abin da ke hana shi wuce ƙima. Ƙarfin ja gare shi, kamar sa a garma. Sare bishiya a gicciye aikin 'yan mintoci ne, kowane inji zai yi. Tsaga gungumen maɗaci ko ƙawo a tsaye, daga kai har gindi, inji na ruri ba hutu cikin zafin Maris, nan ake bambance na gaske da na ado. Mai gudun tsiya zafi zai cinye masa fistin, shi kuwa wannan sai ya wuni yana gurnani.

Abin da ya fi sa ni ƙaunarsa shi ne ba ya ɓoye wa bakanike komai. Da sifana da sukudireba nakan warware shi a kan tabarma in mayar kafin la'asar. Kafireta ce mai sukurun saiti uku, babu kwamfuta a ciki. Kayan gyaransa kuwa, zobe ne, fistin ne, igiyar tayarwa ce, duk inda ake sana'ar katako za ka samu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai akwai abin da zan gaya maka, kuma ka riƙe shi da kyau. Yawancin 070 ba su da birkin sarƙa. Injunan zamani, idan bakin ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai ya taɓa wani abu ya yi tsalle ya nufo fuskarka, birki kan tsayar da sarƙar nan take. Wannan babu ruwansa. Na taɓa ɗaukar wani yaron aikina a babur zuwa asibiti, kafaɗarsa a buɗe, don kawai ya kai tsinin ƙarfen kan reshe yana kallon wani wuri. Ya rayu, amma hannun bai koma daidai ba. Kada ka yi yanka da saman tsinin, kada ka ɗaga shi sama da kafaɗa, kada ka hau bishiya da shi. Nauyinsa ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura masa ƙarfe da sarƙa ba, ga jijjigar da ke sa yatsu su mutu in an daɗe, ga ƙarar da ta rage mini jin kunnen hagu. Toshe kunnenka, ka sa takalmi mai tauri, ka bar silifa a gida.

Hayaƙin da ka ambata, ina zargin haɗin mai ne, amsarsa na ƙasa. Kuma tunda a Taraba kake: nemi takardar malaman daji kafin ka taɓa kowace bishiya, ka nisanci gandun dajin Gashaka Gumti. Kai shaida ne kan yadda aka yi wa madobiya, wadda 'yan kasuwa ke kira madrid, kisan kiyashi har aka sa ta cikin itatuwan da aka ƙayyade cinikinsu a duniya a 2017.

TAMBAYA: Malam, ina da gonar turare da darbejiya, itacen girki da turaku kawai nake so in riƙa yankawa. An ce in sayi 070. Daga wani manomi a Funtuwa.

AMSA: Wanda ya ba ka wannan shawara so yake bayanka ya ƙage. Kashe sauro da taɓarya ke nan. Akwai tsofaffin injuna matsakaita da mutanenmu ke wucewa a kasuwa don ba su ji sunansu a bakin masu tsaga ba. Stihl 038 na ɗaya. Shi ne daga baya aka ci gaba da ƙerawa a Burazil da sunan MS 380 da MS 381, cc 72, da birki da robobin rage jijjiga. Sai Husqvarna 61 da 272XP na Suwidin, waɗanda a ganina an fi zalunta. Na riƙe 61 shekara da shekaru, fulogi da matatar iska kawai na sani ina canzawa. Aibinsu ɗaya a wajenmu, kayan gyaransu ba su kai na Stihl yawa ba, don haka tambayi bakaniken garinku tukuna.

In na hannu za ka saya, kwance salansa ka leƙa fistin ta ramin. In ka ga zane-zane a tsaye kamar an ja ƙusa, mayar wa mai shi. Sannan ɗaga injin da igiyar tayarwa: in ya zube ƙasa sululu, ya gaji. Ka kuma kula da jabu, sun cika kasuwa, launi ɗaya, suna ɗaya, kyan ɗan maciji. Na asali yana da lambar da aka buga a jikin ƙarfensa, kuma ba a sayar da shi a kuɗin banza.

TAMBAYA: Baba, gaskiya ne tsofaffin injuna baƙin mai na mota suke so a haɗa musu da fetur? Daga Maraɗi.

AMSA: Ƙarya ce, kuma ita ta kashe rabin injunan da ake kawo mini. Man mota ba ya ƙonewa sarai. Yana barin baƙi a kan fistin, ya liƙe zobe, ya toshe salansa, shi ya sa inji ke turnuƙe daji da hayaƙi. Man 2T ake sawa. In mai kyau ne na kamfani, mililita 20 a lita ɗaya ta fetur, wato 50 da 1. In ba ka yarda da ingancinsa ba, ninka zuwa mililita 40. Auna da sirinji, bar awon ido. Haɗa a jarka ka girgiza kafin ka zuba, kuma kada haɗin ya wuce wata guda a ajiye.

Wani abin da ake ɗora wa tsufan inji laifinsa alhali ba shi ba ne: dakusasshiyar sarƙa. Duba abin da ke fita. In ɓarɓashi ne manya, sarƙa na ci. In gari ne kamar na tuwo, tsaya ka wasa. Sarƙar 070 magagari mai kauri milimita 5.5 take so, kowane haƙori shafa uku ko huɗu, duka daidai wa daida, daga ciki zuwa waje. Masu tsaga a tsaye su rage karkatar haƙorin zuwa wajen digiri 10 maimakon 30, katakon zai fito sumul. Duk lokacin da ka cika tankin fetur, cika na man sarƙa ma.