Na biya rasit kala uku, me ya sa aka kama mini motar katako?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan katako ne a Kano, wurin mahaifina na gaji sana'ar. Watan jiya wani dillali da muka daɗe muna hulɗa ya haɗo mini lodin madobiya da maɗaci daga wajen Taraba. An biya kuɗin mai gari, an biya na ƙaramar hukuma, an biya na ƙungiya, kuma duk rasit ɗin suna hannun direba. A hanya aka tare motar a wani shinge, aka ce kayan haramtattu ne. Yanzu mota da kaya duk suna tsare, mai mota kullum sai ya buga mini waya, ga shi rabin kuɗin bashi na ciyo. Wani ya ce in kawo wani abu zai gyara takardu a saki motar. Don Allah ina laifina, tunda duk abin da aka ce in biya na biya? Kuma in ba shi kuɗin?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya kawo mafita, Ya rufa asiri. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce ba ta jira: kada ka ba mutumin nan ko sisi. Gyaran da yake nufi ɗaya ne, a samo takardar izinin sara a rubuta mata kwanan watan baya, kamar an bayar da ita tun kafin a kayar da itatuwan. A yanzu abin da ke kanka laifin dokar daji ne, wanda a jihohi da yawa ana iya kashe shi da tara a ofis ko a kotun majistare. Ranar da ka miƙa takardar jabu, maganar ta koma ta ƙirƙirar takardar bogi da ba da cin hanci, kuma sunanka ne a jiki. Shi mai gyaran a ranar wayarsa a kashe take.

To sai batun rasit, wanda shi ne ciwon kaina a wannan aiki. Ba a yin mako ban ji wannan magana ba: "Ai ina da rasit." Direba zai zaro ledar nan daga aljihun mota, ta yi baƙi da man juye, ya baje maka takardu kala-kala a kan bonet, wata ruwan hoda, wata shuɗiya, kowacce da tambari da sa hannu, yana kallonka kamar wanda ya kawo hujjar da ba a ja da ita. Rasit shaida ce cewa wani ya karɓi kuɗinka. Iyakar abin da take faɗa ke nan. Ba ta ce an halatta sare itacen ba, ba ta ce daga ina aka saro shi ba, ba ta ce wanda ya karɓi kuɗin yana da ikon ba da izini ba.

Ka san yadda ake yi a kara. Idan aka kawo saniyar sata aka sayar maka, ka biya la'ada, ka biya kuɗin kasuwa, aka yanka maka rasit, ranar da Bafulatanin da ke da ita ya zo ya nuna shaidarsa, akwai alƙalin da zai ce saniya ta zama taka don ka biya kuɗin kasuwa? To haka katako yake. Halaccinsa a gindin kututture yake farawa, ranar da aka sa masa inji. Idan a ranar babu izini, duk takardar da aka tara masa a hanya daga baya ba ta wanke shi.

Mu ɗauki takardunka ɗaya bayan ɗaya. Mai gari yana da girmansa, kuma babu mai shiga dajin ƙauye bai gaishe shi ba, amma doka ba ta ba shi ikon sayar da izinin sarar katako na kasuwanci ba. Abin da aka ba shi kuɗin goro ne, ko me aka rubuta a takardar. Ƙaramar hukuma tana karɓar kuɗin lodi da na kasuwa, wannan harajinta ne. Ƙungiya kuwa kuɗin ƙungiya ta karɓa, ita da membobinta. A Najeriya dazuzzuka a hannun gwamnatocin jihohi suke, sashen gandun daji na jiha shi ke ba da izinin sara, in ban da manyan gandayen ƙasa da ke hannun gwamnatin tarayya. Izinin gaske kuma ana karɓarsa ne kafin sara. Yana faɗin irin itacen, da adadinsa, da wurin da yake. Malamin daji zai je ya duba kaurin bishiyar ko ta kai a sare ta, bayan an kayar ya buga hatimin guduma a kan kututturen da kuma kan gungumen, sannan a ba da takardar ɗaukar kaya wadda lambobinta suka yi daidai da abin da ke cikin mota. Ka tambayi direbanka: akwai hatimin guduma a bakin gumaguman? Ina kyautata zaton amsar a'a ce, don da akwai da ka faɗa a wasiƙarka.

Akwai kuma wurin da babu mahaluƙin da zai iya ba ka izini. Gandun Gashaka Gumti, wanda ya ratsa Taraba da Adamawa, shi ne mafi girma a gandayen ƙasa na Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Itacen da aka saro daga cikinsa haramtacce ne ko da rasit ɗari aka liƙa masa. Kuma madobiya mai kauri ta yi wuya a dazuzzukan da ke kusa da titi, saboda haka idan dillali ya kawo maka manyan gumagumai a farashi mai daɗi, ya kamata ka tambayi kanka inda suka rage da har aka samo su.

Abin da ya jawo wannan tsanani a kan madobiya, ku 'yan kasuwa kun fi ni sani. Wajen 2013 zuwa 2014 kasuwarta ta buɗe a Najeriya, bayan an rarake ta a Gambiya da Benin da wasu maƙwabta. Masu saye daga Chaina suke, inda ake yin kujeru da gadaje na alfarma da jan katako. A Taraba aka sa mata suna "madrid", a tashar jiragen ruwa ana ce mata "kosso". Garuruwa irin su Garba Chede da Bali suka cika da tireloli, samari suka bar gona suka kama injin sara, cikin 'yan shekaru Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da gumaguman wannan itace. A taron CITES, wato yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar barazanar ƙarewa, da aka yi a Johannesburg a 2016 aka sa madobiya cikin jerin itatuwan da ba a fitar da su ƙetare sai da izini na musamman, dokar ta fara aiki a watan Janairun 2017. A ƙarshen 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya gaba ɗaya, saboda ƙasar ta kasa nuna cewa sarar da ake yi ba za ta ƙarar da itacen ba. A 2022 dakatarwar ta game sauran ƙasashen yankin da itacen ke fitowa. A taron CITES na Panama a ƙarshen shekarar kuma aka ƙara maɗaci da kawo cikin jerin masu buƙatar izini.

Ga wani abu da nake so masu ɗaukar takarda kamar laya su ji. A watan Nuwamban 2017 ƙungiyar EIA mai binciken laifukan muhalli ta fitar da rahoto tana zargin cewa an sa hannu a kan takardun CITES kusan 4,000 bayan kaya sun riga sun bar ƙasa, don a saki gumagumai sama da miliyan 1.4 da aka tsare a tashoshin Chaina. Hukumomin da abin ya shafa sun musanta aikata ba daidai ba. Amma ka duba abin da ya biyo baya: takardun da ke ɗauke da tambarin gwamnatin tarayya ba su hana duniya rufe wa Najeriya ƙofa ba a shekarar da ta biyo. Idan takarda mai wannan nauyi ba ta gamsar da kowa ba, rasit ɗin ƙungiya fa?

Kada a fahimce ni a karkace. CITES ta shafi fitar da kaya waje ne. Kai da za ka sayar wa kafintoci a Na'ibawa ko Rijiyar Lemo, dokar jihar da aka saro itacen da ta jihohin da motar ta ratsa ita ce a kanka. Sai dai jami'in da ke shinge ya san lodin madobiya da yawa da ake cewa na cikin gida ne a kwantena yake ƙarewa, shi ya sa da ya ga jan katako idonsa ke buɗewa. Taraba ma tun 2023 ta kafa kwamiti na musamman kan hana sare dazuzzuka da haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba, kuma a lokacin da jiha ta sa takunkumi, tsohon izini ma yana iya zama takardar banza. Dillalinka ya san wannan. Bai gaya maka ba ne don kamashonsa yana fita tun ranar lodi.

Ban wanke gwamnati ba, ko kaɗan. Shekara da shekaru jihohi suna kallon sashen daji a matsayin wurin tara kuɗin shiga, a ba shi adadin da zai kawo a wata, amma ba a ba shi babur ɗin shiga daji ba. Malamin daji ɗaya a ba shi yankin da ba zai zagaye shi a mako ba. Dokokin da ake aiki da su a wurare da dama jikokin dokar daji ta Turawa ce ta 1937, tarar da ke ciki ba ta kai kuɗin man injin sara na yini ɗaya ba. Sannan a sa masu karɓar haraji a kan titi suna yanka wa haramtaccen kaya rasit, a gaba kaɗan wasu jami'an su kama kayan. Mutum ya biya a shinge uku a ce masa sauka lafiya, a na huɗu a ce masa ɓarawon daji, dole ya rikice. Wannan rashin tsari ne, kuma ina faɗinsa a duk inda na samu dama. Amma rashin tsarin gwamnati ba ya zama kariya a gaban alƙali, kuma ba ya mayar da bishiyar da aka kayar.

Wasu kan ce mini, "To ai daji na Allah ne, itace kuma tsirowa yake." Madobiya sai ta shekara da dama, shekarun da suka kai a haifi yaro ya girma ya yi iyali, kafin ta kai kaurin da ake nema, injin kuma cikin mintuna yake kwantar da ita. Masu sara suna ɗaukar tsakiyar gindin ne kawai, su fafe shi ya zama mai kusurwa huɗu, su bar rassa da sauran a wurin, rani na yi wuta ta bi ta kansu ta cinye har 'yan tsiron da ke ƙasa. Ka tambayi makiyayi amfanin ganyen madobiya a ƙarshen rani lokacin da ciyawa ta ƙare, shi ne abincin da ke riƙe shanu har ruwa ya sauka. Idan babu shi, garke gonar wani zai nufa, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayan haka a wannan yanki. Hanyoyin da tireloli suka fasa cikin daji kuma ba sa rufewa, masu gawayi su bi su kwashe kirya da kaɗanya, bayansu wasu da ba ma son ambaton su. Mutanen ƙauyen da aka ba 'yan dubbai a kan kowace bishiya su aka bari da zaizayar ƙasa da rafin da ke ƙafewa da wuri. Mu da muke sallah muna jin wa'azin cewa ko dabba aka hana abincinta da gangan akwai hisabi, ya kamata mu ji nauyin wannan ko babu shinge a hanya.

Yanzu abin yi. Ka je da kanka, kada ka aika. Ka nemi a ba ka takardar kama kaya a rubuce, mai ɗauke da sunan hukumar da ta kama, da sashen dokar da aka ce an karya, da lissafin abin da ke cikin motar. Idan aka ƙi ba ka, aka ce ku koma gefe ku yi magana, to ka san irin shingen da ka faɗa, sai ka wuce hedikwatar sashen daji ta jihar ka kai ƙorafi a rubuce. Ka ɗauki lauya wanda ya saba da kotun majistare ta wurin, kuɗinsa bai kai abin da mai gyaran takardu zai ci maka ba. Ka ajiye rasit ɗin nan duka, da shaidar tura kuɗi ta banki, da saƙonnin da kuka yi da dillali a waya. Ba za su halatta katakon ba, amma za su nuna cewa saye ka yi a fili, ba kai ka tura a yi sarar ba, kuma wannan yana da tasiri wajen sassauci. Dillalin kuma a kawo shi ya faɗi inda ya samo kayan. Idan yana da izini na gaske, yau ce ranar fito da shi.

Lauyanka ya nemi a raba maganar mota da ta kaya. Sau da yawa ana sakin mota a kan beli ko bayan biyan tara, musamman idan mai ita haya kawai aka ɗauke shi, wannan zai sauke maka nauyin mai mota. Katakon kuwa, gaskiya ka shirya zuciyarka, idan babu izinin sara da hatimi, mafi yawanci gwamnati ke ƙwace shi. Duk tarar da aka yanka ka biya ta a asusun gwamnati ta banki, ka karɓi shaida, kada ka damƙa wa kowa a hannu. Wanda ka ci bashinsa kuma ka same shi tun yanzu ka gaya masa halin da ake ciki, ku tsara yadda za a biya a hankali, kafin ya ji a bakin 'yan kasuwa.

Lodi na gaba, kafin ka tura ko kwabo, dillali ya turo maka hoton izinin sara da hoton hatimin da ke bakin gumaguman, kai kuma ka kira ofishin daji na yankin ka karanta musu lambar izinin su tabbatar maka da ita.