KU TAMBAYA MU AMSA: Fuloti a bakin Kubanni, in saya ko in haƙura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Wani dillali ne ya nuna min fuloti a gefen kogin Kubanni, kuɗin bai kai rabin na cikin unguwa ba, akwai takardar ciniki da sa hannun mai unguwa, kuma mutane sun riga sun yi gini a layin. Yayana yace kar in soma wai wajen ruwa ne. Ni kuma naga in na zuba jar ƙasa na ɗaga fandisho ai shikenan. Dan Allah akwai dokar da ta hana ne?
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Gaskiya ina bayan Yayanka, kuma wannan arhar da kake gani ita ya kamata ta fara tsorata ka, dillali bai rage maka rabin kuɗi don yana sonka ba.

Takardar ciniki da sa hannun mai unguwa shaida ce cewa kun yi ciniki, ba izinin gini bace. Tun dokar mallakar ƙasa ta 1978 filayen cikin birni suna hannun gwamna ne a matsayin amana, a jihar Kaduna kuma KADGIS ce ke da rajistar filaye tana bada shaidar mallaka, KASUPDA ita ke duba zanen gini ta amince ko ta hana. Sannan akwai ƙa'idojin tarayya na 2009 ƙarƙashin NESREA, hukumar tarayya mai kula da dokokin muhalli, da suka shafi fadamu da gaɓar kogi da bakin tafki. Ƙa'idojin gini da na muhalli sun yarda da abu ɗaya, kogi yana da huruminsa da ba a gini a ciki, faɗinsa kuma ya danganta da girman ruwan da inda yake kaiwa in ya cika. To kafin ka bada ko sisi ka ɗauki safiyo ya auna wajen, ka kai takardar awon ofishin waɗannan hukumomin jihar, su faɗa maka a rubuce ko ana gini a nan. Wanda yayi gini babu izini in rusau ya zo da wuya yaga diyya, kuma "ai maƙwabta ma sun yi" bata taɓa ceton gidan kowa ba.

Maganar cike da jar ƙasa kuwa ita tafi damuna. Ruwan da ke kwanciya a filin nan duk watan Agusta ba ɓacewa zai yi ba don ka cike, wani wajen zai nema, gidan wanda ke ƙasa da kai zai faɗa, ko ya matse a tsakiya ya ƙara gudu ya dinga cin gaɓar tsallake. Wannan haƙƙin maƙwabci ne tun kafin a zo maganar hukuma. Kuma kowa ya cike nashi, ga shara da leda ana zubawa ta kan gada, hanyar ruwan sai ƙara tsukewa take, shi yasa ruwan da da yake wucewa salin alin yanzu yake shiga ɗaki. Mun ga ambaliyar Maiduguri a Satumbar 2024, mun ga ta Mokwa a watan Mayun 2025, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, Kubanni bai kai waɗancan ruwan ba amma katangar da ta jiƙa ta faɗo kan yara da daddare bata buƙatar babban kogi.

Wani abin da mutane basa lissafawa, wannan ciyayin da ake cewa jeji ne a share, aiki yake yi. Saiwar jema da gamba da su malmo da ɗinya ita ke riƙe gaɓa, ita ke tare laka da datti kafin su gangara, in ruwa ya malala cikin ciyawa nan tarwaɗa ke shiga tayi ƙwai, nan balbela da zalɓe ke kiwo. Kubanni daga wajen Samaru yake gangarowa, shi aka tare akayi dam ɗin da jami'ar Ahmadu Bello ke shan ruwansa, ya ratsa gari ya faɗa Galma, Galma kuma ta zuba a kogin Kaduna. Kaga abinda ka sako daga masai ko lambatun gidanka zai iya ƙarewa a lambun mai tumatir da latas da kai ɗin zaka saya a kasuwar Sabon Gari. Masai a wajen da ruwan ƙarƙashin ƙasa bai yi nisa ba ma rijiyarka zai fara ɓatawa.

In har zuciyarka ta ƙi haƙura, kar ka je duba filin da rani. Ka bari sai ƙarshen Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ka duba jikin katangun layin zaka ga shatin inda ruwa ya tsaya, ka tambayi dattawan wajen da masu lambu ba dillali ba.

TAMBAYA: Malam ina noman rani a bakin Galma, masu tifa suna ɗiban yashi dab da gonata, gaɓar sai zaftarewa take. Ina zan kai kuka?
Manomi daga Dakace

AMSA: Baba sannu, Allah ya kawo sauƙi. In an ƙwaƙule gindin gaɓa dole samanta ya rufto. Kar ka je kai kaɗai, ku haɗu da maƙwabtan gona ku fara da sarkin yankinku da hakimi, sannan ku rubuta koke zuwa ƙaramar hukuma da hukumar kare muhalli ta jiha KEPA, ku haɗa da hotuna, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Yashi a doka ma'adini ne, ɗibansa na kasuwanci sai da lasisi, don haka kuna da damar tambaya a nuna muku takarda. Kai kuma ka ja da noma baya kaɗan daga baki, ka dasa jema layi biyu ko uku tun farkon damina.