Amsar Anti kan makarantar Turanci da Faransanci

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da yamma. Ƙanwata, na saurari saƙonki tun ɗazu, wai an mayar da maigidan Abuja, kin samo wa yarinyar makaranta mai Turanci da Faransanci tun daga nazare har ƙarshen sakandare, kuma kina tambaya tsakanin tsarin karatun ƙasashen waje na IB da na Cambridge wanne ya fi. Toh ni dai na san ba wannan ne ya dame ki ba, kuɗin ne ya tsorata ki, so kike a ce miki ko ya cancanci a zuba su. Yarinya 'yar shekara 3 ina ruwanta da wanne ya fi.

Bari dai in ba ki a gurguje tunda kin tambaya. IB ɗin nan, wato International Baccalaureate, a Janiba ta ƙasar Suwizalan aka kafa ta, 1968, kuma tsarinta hawa-hawa ne, akwai na ƙanana daga shekara 3 zuwa 12, na tsakiya 11 zuwa 16, sai difloma ta shekara biyun ƙarshe, darasi 6, maki 45 ne ƙololuwa, ga dogon rubutun bincike na kalma 4,000 da yaro zai yi da kansa. Kuma ki riƙe wannan, kowane hawa izininsa daban, makaranta tana iya samun izinin difloma kaɗai amma ta lafta IB a allon ƙofa kamar daga nazare take yi. Ki shiga shafin IB ɗin a intanet ki sa sunan makarantar, za ki ga wane hawa aka ba su. Cambridge kuwa na Ingila ne, jarrabawar IGCSE wajen shekara 16, sai ta A Level a ƙarshen sakandare, ita jarrabawa ta fi ba wa ƙarfi. Na Faransa ma daban, shekara 3 a ajin rainon nan nasu, firamare 5, ƙaramar sakandare 4, sai 3 na ƙarshe a yi bakaloriya, jarrabawarsu ta gama sakandare. Duk ukun babu na yarwa, kowanne yana kai yaro jami'a in an bi shi har ƙarshe.

In an bi shi har ƙarshe fa na ce. Nan ne mutanenmu suke faɗuwa wallahi. A sa yaro da zumuɗi, ya yi shekara biyar shida, dala ta tashi ko a sake yi wa uban canjin wurin aiki, sai a fizge shi a jefa wata makarantar mai wani tsarin. Ɗan yayata kenan, a Maraɗi ya tashi, ya kai ajin ƙarshe na firamare da Faransanci, yaro mai kai, lissafi kamar ya ci ya bar wa na baya, aka dawo da shi Kano aka yi masa gwaji da Turanci sai aka mayar da shi baya aji biyu. Ya san amsar fa, tambayar ce bai gane ba. Ko yadda ake jera rabawa a lissafi nasu daban ne da namu, malamin ya dinga soke masa aiki wai bai bi hanya ba alhali amsa daidai take. Yaron nan ya daina magana a aji, uwarsa har rubutu ta sa aka yi masa tana zaton wani abu ne ya same shi. Kuma makarantar da aka kai shin ita ma wai mai harshe biyu ce! Faransancin nasu sau biyu a sati, minti arba'in, gaisuwa da ƙirga ɗaya zuwa ashirin, yaron ya fi malamin iyawa. Sannan in aka kama ka kana Hausa a filin wasa tara za ka biya. Na je na samu firinsifal ɗin na ce masa malam, yaron da bai gama kama Turanci ba, ka hana shi Hausa, ba mai yi masa Faransanci, da me kake so ya tambayi hanyar banɗaki? Ya ce min wai doka ce. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, mutum ya karɓi kuɗin iyaye yana... kai, bar shi dai.

Yawwa, ina na tsaya. Harshe biyu na gaskiya shi ne a koyar da darasin kansa da harshen, kimiyya ko lissafi da Faransanci, tarihi da Turanci, ko a raba ranakun sati. A Kanada aka yi fice da wannan, wani gari Saint-Lambert kusa da Montiriyal, 1965, iyaye masu Turanci suka sa aka fara koyar da 'ya'yansu da Faransanci zalla tun daga nazare, kuma ya yi kyau. Amma su Turancin yana gida, yana titi, yana talabijin, ba inda za shi. Ke taki da Hausa ta tashi, ga Turanci, ga Faransanci, ga Larabcin Islamiyya da yamma, huɗu kenan ba biyu ba. Ba na ce ba za ta iya ba, yara suna iyawa, dubi 'yan Zinder da Agadas. Sai dai wani masani Jim Cummins ya nuna yaro kan kama harshen hira cikin kamar shekara 2, amma harshen da zai yi karatu mai zurfi da shi sai shekara 5 zuwa 7. Shi ya sa in kin ji ta dawo tana rera waƙar Faransanci a zangon farko kar ki ɗauka an gama. Kuma dan Allah kar ki daina yi mata Hausa a gida ko da makarantar ta ce ki daina, a kan Hausar sauran za su zauna.

Sai maganar jami'a, in a nan gida za ta yi, ki tambaye su ko suna zaunar da yara WAEC, don akwai JAMB a gaba da kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Kuɗin jarrabawar wajen nan kuma da kuɗin waje yake tafiya, ba ya cikin kuɗin makaranta yawanci, a ƙarshe za a miƙo muku takarda.

Ki koma gobe ki ce su nuna miki jadawalin darussa na aji ɗaya da na aji biyar, ki ƙirga awa nawa ake yi da Faransanci. Ki ce kina son kuɗin kowane aji har na ƙarshen sakandare a rubuce, ba na nazare kawai ba, ku zauna da maigida ku duba ko za ku iya ɗauka shekara 15. Ki ɗauki hoton jadawalin ki turo min ta bayan fage in duba miki.